Yadda ake wanke takalmin kambas a injin wanki ba tare da ya lalace ba

Duk uwar da ke da yara ƴan makaranta a Maradi ta san abin da hanya ke yi wa farin takalmi. A fita da shi fes ranar Litinin, kafin Alhamis ya koma launin ƙasa, igiyarsa cike da ƙarangiya. A satin da muka sayi injin wanki, na ɗauki kambas ɗin babban ɗana, wanda su suke kira baskit, na jefa shi ciki yadda yake, na murɗa zafin ruwa zuwa digiri 60 don ya fita sosai. Ya fita kam, sai dai bakinsa ya buɗe, ƙasan ya rabu da saman, ga yashi kwance a cikin robar ƙofar inji. Takalmin bai yi wata biyu da saye ba, kuma na ji zafin kuɗin. Abin da na fahimta tun daga ranar shi ne, a garin nan abu biyu ke kashe takalmi wajen wanki: yashi da zafi. In kika tsare waɗannan, sauran aikin mai sauƙi ne.

Da farko ki duba ko takalmin ma na shiga inji ne. Na yadi, na raga-raga, da na nailan duk suna jurewa. Na fata ba ya shiga, haka mai laushin nan kamar karan-miski, ruwa na busar da su har su tsattsage. Mai duwatsun ado, da na yara mai kunna wuta in an taka, su ma a bar su da tsumma da buroshi. Ki ɗaga harshen takalmin ki karanta ƴar takardar ciki; in kin ga hoton baho an ja masa giciye, ba a yarda a wanke shi da ruwa haka ba. Ki kuma sani cewa kamfani irin Nike ba ya ba da shawarar sa takalmansa a inji, don haka mai tsadar da kike ji da shi, gara ki wanke da hannu. Na gwanjo kuwa, sai ki lanƙwasa shi ki dubi gefen da aka manna. In gam ya fara saki ko da kaɗan ne, a fara kai shi wurin mai gyaran takalmi ya ɗinke, don inji zai ƙarasa abin da ya fara.

Sai aikin da ya fi kowane muhimmanci, wanda mutane suka fi tsallakewa. Ki zare igiya, ki fitar da shimfiɗar ciki. Ki fita tsakar gida ki buga takalman biyu ƙasa da ƙasa, ki kifa su ki girgiza. Za ki yi mamakin yashin da ke kwance ƙarƙashin shimfiɗar nan. Na ɗana in ya dawo daga ƙwallo yakan kusa cika cokali. In laka ce ta damina, kada ki taɓa ta tana ɗanya, bar ta ta bushe sannan ki kankare. Ki sami tsinke ki bi ramukan ƙasan takalmin ki fitar da tsakuwa, ƙaya da cingam. Ƙarangiya kuwa ɗaya bayan ɗaya ake cire ta, domin in ta shiga inji sai ta maƙale a tawul, gobe mai wanka ya ji ta a jikinsa. Bayan nan ki ɗauki tsohon buroshin haƙori da ɗan ruwan sabulu ki goge farar robar gefe da duk inda ya yi baƙi. Tabon mai na babur, irin wanda ake samu a hawan kabu-kabu, ki ɗiga masa sabulun wanke kwanuka ki bar shi minti 10. Inji ba ya cire irin wannan tabon da kansa.

Shimfiɗar ciki ba ta shiga inji. Soso ce, tana shan ruwa ta daɗe ba ta bushe ba, kuma a nan wari ke zama. Ki wanke ta da hannu, in ta bushe ki barbaɗa mata bikarbonat ta kwana, da safe ki kakkaɓe. Igiya kuwa ki jiƙa ta a kofi, ko ki zuba ta cikin safa ki ɗaure.

Yanzu sai zubawa. Ki sa takalmin cikin jakar raga ta wanki, in babu, tsohuwar rigar filo ta isa, ki ɗaure bakinta tam. Ki haɗa da tsofaffin tawul uku ko huɗu waɗanda ba sa zuba. Su ne ke tare takalmin kada ya yi ta dukan gangar inji, su kuma daidaita nauyi lokacin matsewa. Kada ki wuce takalman mutum biyu a zubi ɗaya, kuma fari daban, mai launi daban.

Ruwan ya zama mai sanyi, ko digiri 30, kada ya haura. Akwai abin da takardar inji ba za ta gaya miki ba: a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke wuce digiri 40, ruwan da ya wuni a tankin sama ko a bututun da rana ke duka yana fitowa da zafinsa ko kin zaɓi sanyi. Ki tara hannu a famfo ki ji. Ni da sassafe nake wannan wankin. Ki zaɓi tsarin wankin kaya masu laushi, wanda ba ya wuce minti 30 zuwa 40, ki rage gudun matsewa zuwa 400 ko 600. Sabulun ruwa ya fi, rabin abin da kika saba zubawa. In omo kike da shi, ki narkar da shi a kofin ruwa kafin ki zuba, don garinsa ba ya narkewa sosai a ruwan sanyi, sai ya maƙale a raga. Ban da ruwan jabel, wato bilic, ko da takalmin fari ne, yana mai da roba rawaya, kuma ba ta komawa. Ki ƙara ɗauraya sau ɗaya.

Mai inji mai kwano biyu, wanda ake zuba wa ruwa da bokiti, ita ma za ta iya. Ruwan ya rufe kayan sosai don farfelar ƙasa kada ta ci takalmin, minti 10 ya isa, a sauya ruwa sau biyu. Wajen matsewa a jera takalman suna fuskantar juna, a yi minti ɗaya kacal. In kuma an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ana tsakiyar wanki, kada a bar takalmi ya wuni a ruwan sabulu. Mai buɗewa ta sama a ciro a ɗauraye a baho. Mai ƙofar gaba sai an fara zubar da ruwan ta ƙaramin murfin da ke ƙasa.

Shanya ce wuri na biyu da ake yin asara. Mun saba duk abin da aka wanke a kai shi rana, har wasu na ɗora takalmi kan kwanon rufi. Ranarmu na busar da gam, ta ƙanƙance soso, ta bar wa farin yadi zanen rawaya. A inuwa ake shanya shi, inda iska ke bi, ko gaban fanka. Ki buɗe bakinsa, ki jawo harshen waje, ki cusa farar takarda ko tsumma mai tsabta don ya riƙe siffarsa, in ta jiƙe ki sauya. Ban da jarida, tawadarta na zuba. Farin kambas ina lulluɓe shi da tishu tun yana jiƙe. In ya bushe sai ki ga rawayar ta hau tishun, yadin ya fito fari. Da hunturu yakan bushe a wuni ɗaya, amma a cikin ɗaki, in ba haka ba ƙura ta mai da ke inda kika fara. Da damina ki ba shi kwana biyu, ki sa hannu har can wajen yatsu ki tabbatar babu danshi kafin yaro ya sa.

Kafin ki rufe inji, ki goge cikin robar ƙofa, ki buɗe matatar da ke ƙasa bayan kin tara faranti, ki wanke yashin da ya taru, sannan ki sa inji ya yi ɗauraya ɗaya babu kaya. Ni sau ɗaya a wata nake sa takalman yaran nan a inji, a tsakani kuma kowa ya san inda buroshinsa yake ranar Asabar.