Yadda ake yaƙar tsutsar jini a kejin kifin tuna

A Port Lincoln, kudancin Ostireliya, ana kamo kifin tuna a teku, a jawo shi cikin raga zuwa manyan kejuna, a yi ta ɗura masa sardin na wasu watanni kafin a sayar wa Japan. Abin da ya fi ci wa masu kiwon tuwo a ƙwarya wata 'yar tsutsa ce, Cardicola forsteri, mai zama cikin zuciyar kifin. Ga yadda ake tunkarar ta.

A fara tun daga wurin kafa keji. Tsutsar ba ta tsallakawa daga kifi zuwa kifi, sai ta yada zango a jikin wata tanar ruwa da ke zaune a ƙasan teku. Don haka a matsar da keji can ruwa mai zurfi, nesa da mazaunin tanar. A Japan an tarar da irin tanar maƙale a igiyoyin keji, saboda haka kankare su ma aiki ne.

Sai binciken mushe, kuma a ganina nan ne ƙashin bayan aikin. Kullum masu nutso su fito da duk kifin da ya mutu tun bai ruɓe ba. A tsaga zuciyar, a ɗauraye cikinta da ruwan gishiri, a bari ya kwanta, a duba da madubin likita: za a ga tsutsotsi fale-fale, 'yan milimitoci kaɗan. Sannan a yanko jajayen gaɓoɓin numfashi da ke ƙarƙashin kumatu. Can ne ɓarnar take, domin jini na kwasar ƙwan tsutsar ya kai su su toshe ƙananan jijiyoyi. Tuna kuwa sai yana iyo baki buɗe yake samun iska, ga shi mai yawan buƙatarta. Da numfashi ya ragu, sai kifi mai tsada ya shaƙe alhali yana tsakiyar ruwa.

Daga nan magani. Ana amfani da praziquantel, a cusa shi cikin sardin saboda ɗacinsa, bisa awon likitan dabbobi. A ba shi cikin makonnin farko bayan zuba kifi a keji, kada a jira mushe ya yi yawa, don tsutsar kawai maganin yake kashewa, ƙwan da ya riga ya maƙale kuwa yana nan. A kuma jira maganin ya fita daga tsokar kifin kafin girbi.

Idan lokacin sanyi ne aka ga kifi yana iyo a haukace kusa da saman ruwa, a duba ƙwaƙwalwarsa. Wannan aikin wata ƙwayar cuta ce daban, Uronema nigricans, mai shiga ta hanci, kuma praziquantel ba ya taɓa ta.