Darasi na 9: Firinta 3D, injin da yake buga kaya maimakon takarda

Assalamu alaikum iyayena da yayyena da kannena na ajin yaki da jahilci, na Makka da na Jidda da duk wanda wannan darasin ya iske a wayarsa. A darasin baya mun koyi awo da rula, mun ce santimita 1 milimita 10 ce, wasu har suna tambaya ina amfanin wadannan yan kananan layukan ga wanda ba tela ba. To yau zaku ga inda suke aiki, dan abun da zamu koya duk a kan milimita yake tafiya.

Firinta da muka sani a maktaba inda ake mana kwafin takardu tawada take zubawa a kan takarda shikenan. Ita kuwa firinta 3D roba take narkawa ta dinga zubawa siririn layi, idan ta gama shimfida daya sai ta dan daga sama ta dora wata a kai, ta sake dagawa ta sake dorawa, har abu ya tashi tsaye ka dauke shi a hannunka, yana da tsawo da fadi da kauri. Duk wanda ya taba ganin mai ginin tukunya a gida tana murza yumbu tana dora shi zobe kan zobe har randa ta tashi to ya riga ya gane aikin, bambancin kawai nan kwamfuta ce take jan hannun. Kafinta ko mai sassaka yana daukar katon itace ne ya dinga cirewa har abun da yake so ya fito, sauran ya zama shara. Nan kuwa daga babu ake farawa ana karawa, inda ake bukata kadai ake zuba roba, shi yasa asarar kaya bata da yawa.

Ba jiya aka fara ba. Wani Ba'amurke Chuck Hull ya nemi rajistar fasaharsa a 1984 aka bashi a 1986, shi da ruwan roba yake aiki wanda haske yake daskararwa. Irin mai narka zaren roba da zamu yi magana a kai Scott Crump ne ya nemi rajistarsa a 1989. Shekara da shekaru sai manyan kamfanoni ke iya saye, sai a 2005 wani malami a Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya fara aikin RepRap ya saki zanen injinsa kyauta ga duk mai so, sannan rajistar Crump ta kare a 2009, wato kowa ya samu damar kera irin injin, daga nan farashi ya fado har talaka ya fara ajiye shi a daki. Yanzu harda siminti ake bugawa, a nan Jidda a unguwar Jawhara an bude masallaci a 2024 wanda aka gina da wannan fasahar. Yan uwanmu na Sudan ma labarin ya shafe su, a 2013 kungiyar Not Impossible Labs ta kai irin wadannan injina yankin tsaunukan Nuba aka dinga bugawa wadanda yaki ya raba da hannayensu hannun roba. Amma mu ba masallaci zamu gina ba, kananan abubuwa zamu fara dasu, kuma a ganina nan ne amfaninsa yake a gare mu: murfin batir na rimot din mukayyif, wato AC, da ya bata, dan robar da yake rike zare a keken dinki, marikin durowa, takalmin kafar kujera, irin abubuwan da zaka zagaye kasuwa baka samu shi kadai ba sai ace sai dai ka sayi sabon kayan gaba daya.

Sassan injin

Guda hudu kawai nake so ku rike. Akwai zaren roba, yana zuwa a nade kamar kwarkwaron zare amma babba, yawanci kilo 1, kaurin zaren milimita 1.75. Akwai kan injin wanda yake jan zaren yana narka shi. Akwai bakin, wato nozul, dan karfe mai huda karama wadda yawanci milimita 0.4 ce, ta nan robar take fita. Sai faranti inda ake gina abun a kai, shima yana daukar zafi dan robar ta kama. Sauran motoci ne da bel masu kai kan injin hagu da dama, gaba da baya, sama da kasa.

Kafin ka jona wuta duba bayan injin ko gefensa, wasu suna da dan makunni ja mai lamba 115 da 230. Wutar kasar nan yanzu 220 zuwa 230 ce amma tsofaffin gidaje har yanzu ana samun soket na 127, kuma da yawanmu a tsofaffin gidajen muke zaune, dan haka ka tabbatar da soket dinka tukun. Idan makunnin yana kan 115 ka jona a 220 injin zai kone nan take.

Daga zane zuwa abu

Mataki uku ne. Na farko zane a kwamfuta. Zaka iya dauko wanda wasu suka yi kyauta a shafukan Thingiverse ko Printables, ko ka zana naka a Tinkercad, shima kyauta ne, intanet kawai yake so da imel na bude akawun, kuma ya fi dadin aiki a kwamfuta ko babban allo fiye da karamar waya. A wadancan shafukan zaku ga mutum-mutumi da siffofin dabbobi birjik, hukuncin wannan ku tambayi malamai, mu nan kayan amfanin gida muke koya. Idan an gama zane ana ajiye shi a fayil mai suna STL.

Mataki na biyu shine yanka, kuma shine mutane suke tsallakewa a tunaninsu. Injin bai san kujera ba bai san murfi ba, abun da yake ganewa kawai je can, dawo nan, zuba roba kaza, dago sama kaza. To akwai manhaja, Cura ko PrusaSlicer, duk kyauta, da take daukar zanenka ta yayyanka shi shimfida shimfida ta rubutawa injin umarnin kowace daya. Wannan umarnin ake kira G-code, shi zaka sa a memori ka kai wa injin. Na uku shine bugawar.

Mu gwada da takalmin kafar kujera, irin kujerun karfen nan da suke karce tayil suna kara idan an ja su. Ka auna kaurin kafar, rula zata yi maneji amma ya fi kyau ka samu ma'aunin nan mai baki kamar sifana wanda makanikai suke amfani dashi, mai nuna lamba a dan allo. Mu ce ka samu milimita 22. A Tinkercad ka jawo siffar gwangwani ka bata fadi 28 da tsayi 20, ka jawo wata ta biyu ka bata fadi 22.4 ka mayar da ita rami, ka sa ta a tsakiyar ta farko ka daga ta milimita 3 daga kasa dan gindin ya zama a toshe, sai ka hade su biyun. Me yasa 22.4 ba 22 ba? Saboda narkakkiyar roba tana dan bajewa, ramin da aka buga yakan fito a dan tsuke, idan baka bar masa sarari ba kafar bazata shiga ba, ka zauna kana goga da fayil din karfe kana jin haushin injin alhali shi abun da ka fada masa yayi. Wannan yar 0.4 din ita ce tsakanin aiki mai kyau da asarar roba, shi yasa na dage muku a kan milimita.

Yanzu lissafi kadan. Kaurin kowace shimfida yawanci 0.2 ake sawa, wato shimfida 5 ce take bada milimita 1. Takalminmu tsayinsa 20, sau 5, shimfida 100 kenan injin zai dora. Kaga dalilin da yasa aikin yake cin lokaci, karamin abu ya kai awa guda, babba ya kwana yana bugawa. Duk wanda yace maka zaka danna ne abu ya fado kamar lemo a injin sayar da lemo bai taba tsayawa gaban firinta ba. Cikin abun kuma ba a cike yake ba, manhajar tana yi masa raga a ciki, kashi 15 zuwa 20 cikin dari ya isa ga yawancin kaya, sai abun da zai dauki nauyi ake karawa. Kuma injin baya iya zuba roba a iska, duk bangaren da ya fito waje ya wuce karkatar digiri 45 sai an yi masa tokara daga kasa wadda zaka balle bayan an gama.

Zabin roba da zafin kasar nan

Nan nake so ku nutsu sosai dan bidiyoyin da zaku gani a YouTube yawanci mutanen kasashen sanyi ne suke yinsu, basa tuna irin zafinmu. Robar da kowa yake farawa da ita PLA ce, daga sitacin masara ko rake ake yinta, tana narkewa a bakin injin wajen digiri 200, bata da wari sosai kuma tana da saukin bugawa. Matsalarta tana fara laushi tun a wajen digiri 60. Motar da aka ajiye a rana a Makka lokacin zafi cikinta yana kaiwa nan, gaban gilashi ma ya wuce, dan haka idan ka bugawa direba marikin waya da PLA zai dawo maka dashi a lankwashe kafin la'asar, kudinsa ya tafi sunanka ya baci. Abun mota ko na kan rufin gida ko kusa da murhu, PETG zaka nema, tana jurewa har wajen digiri 80, ko ABS wadda take kaiwa wajen 100, amma ita ABS tana fitar da hayaki mai wari kuma tana yawan dagowa daga faranti, ba ta dan koyo bace, kuma kada a buga ta a dakin da yara suke kwana.

Mutanen Jidda kuma ga laimar teku. Zaren roba yana shan danshin iska, idan ya sha zaka ji yana tas tas a bakin injin, aikin ya fito da kuraje da gashi gashi. Idan ka gama aiki mayar da nadin cikin leda mai zif ko roba mai murfi, ka jefa yan kunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi. Kura ma tana bin zaren ta toshe nozul, a dinga rufe injin da kyalle idan ya huce.

Lokacin bugawa

Shimfidar farko ita ce komai. Goge farantin kada maikon hannu ya zauna a kai, sannan ka duba tazarar nozul da faranti, ka zura farar takarda a tsakani, ta wuce tana dan gogawa, kusurwa hudu da tsakiya. Sababbin injina suna daidaita kansu amma duk da haka tsaya ka kalli shimfidar farko har ta gama. Idan layin ya kwanta ya manne to Alhamdulillah, idan yana jan jiki yana bin nozul tsayar da injin ka sake, in ba haka ba zaka dawo ka tarar da curin zare a hargitse.

Yadda ka kwantar da abun a faranti shima yana da magana. Karfin roba a bin layi yake, rauninta kuma a mahadar shimfida da shimfida. Idan kugiyar rataye jaka ce ka buga ta a kwance a gefenta, in ka buga ta a tsaye daga mahadar zata balle ranar da aka rataya mata nauyi.

Iyayena mata dan Allah a kula da yara, nozul yana kai digiri 200, ninki biyu na tafasasshen ruwa, kuma yara suna son kai hannu ga abu mai motsi. A bude taga, kada a fita unguwa a bar injin yana aiki ba kowa a gida. Kofi da cokali da aka buga kada a mayar dasu na cin abinci kullum, tsakanin layukan akwai kananan ramuka da datti yake makalewa wanda wanki baya fitarwa. Makami ko hatimin wata ma'aikata ko makullin da ba naka ba, ko an baka kudi kada ka buga, kun san dokar kasar nan bata wasa.

Ba dole sai ka mallaki injin ba kafin ka fara. Akwai masu bugawa mutane a biya su, ka tura musu fayil ka karbi kayanka, kuma shawarata kenan ga mai karamin karfi, ya fara kwarewa a awo da zane tukun, dan injin kowa mai kudi zai iya saya amma wanda zai kalli karyayyen abu ya auna shi ya zana shi daidai shine ake nema. Manhajar yanka tana fada maka giram nawa abun zai ci tun kafin a buga. Misali idan nadin kilo 1, wato giram 1000, ya tsaya maka riyal 80, kowane giram halala 8 ne tunda riyal 1 halala 100 ce, abu mai giram 25 ya ci robar riyal 2. Amma kada ka sayar a riyal 2, akwai wuta, akwai lokacin zane, akwai wanda ya lalace ka sake.

Aikin gida: kowa ya nemo karamin abu na roba da ya karye a gidansa wanda bai wuce tafin hannu ba. A auna tsawonsa da fadinsa da kaurinsa da milimita, idan yana da rami a auna ramin, a zana shi a takarda ta sama da ta gefe a rubuta lambobin a jiki. Sannan a lissafa shimfida nawa zai ci idan kowace 0.2 ce, a rubuta kuma inda abun zai zauna, cikin daki ne ko mota ko rana, da robar da ta dace dashi. A zo da abun da takardar aji na gaba, wanda bashi da kwamfuta zamu shigar da nasa a ta ajin.