Yadda zaka tsara akwatin bandar kifi da nama a kwamfuta kafin ka kai wa mai walda

Duk wanda ke kiwon tarwaɗa a nan Katsina ya san wannan ranar, kifi ya kai, abinci ya ƙare, ɗan sari kuma ya zo yana maka tayin wulaƙanci don ya san baka da inda zaka aje shi. Banda ce mafita. Amma bandar da muka saba, rabin duro da raga a sama a rufe da kwali, tana cin itace kamar me, kifin ƙasa ya ƙone na sama bai ji wuta ba. Shi yasa na zauna na zana nawa akwatin a kwamfuta, aka yanka da inji, kuma ga yadda zaka bi in kana so.

Kada ka fara da kwamfutar ma tukunna. Ɗauko tef ka auna kifinka bayan an lanƙwasa shi an soke jela a baki, ka ga guda nawa zasu zauna a raga ɗaya ba tare da sun taɓa juna ba. Daga nan girman akwati ke fitowa. Abu na biyu da zai yanke maka hukunci shine falan ƙarfen da ake saidawa a kasuwa, ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. In ka yi akwatinka faɗi 60 zurfi 60 tsawo 120, bango huɗu cif zasu fita daga falle ɗaya, ɗan abin da zai rage bai kai a yi maganarshi ba. Ka ce kai 65 kake so kuwa, to ka sayi falle na biyu kenan saboda santimita biyar. Rufi da ƙasa da tiren tare mai dai dole su fito daga wani rabin falle.

Manhaja kuma FreeCAD nake amfani da ita don kyauta ce kuma bata buƙatar data in ka sauke. Akwai Fusion 360 amma tana son intanet da kwamfuta mai ƙarfi, ni tawa tsohuwa ce. Abin da ya fi birge ni a FreeCAD akwai wani tebur kamar na Excel da zaka rubuta faɗi, tsawo, kaurin ƙarfe, tazarar raga, sai ka ɗaure zanen da waɗannan lambobin, gobe in ka canza 60 ta koma 50 komai ya bi da kanshi ba sai ka sake zane daga farko ba. Zaka sha wahala kwana biyu uku na farko, wannan ba ƙarya.

Yanzu cikin akwatin, nan ne ainihin maganar. Santimita 30 na ƙasa na wuta ne, ka yi mashi aljihu da ake jawowa kamar durowa don ƙara gawayi ba sai ka buɗe babbar ƙofa zafi ya gudu ba, kuma wannan aljihun a yi shi da ƙarfe mai kauri, milimita 3, jikin akwatin kuwa 1.5 zuwa 2 ya isa. Saman wutar sai tire, kuma don Allah kada ka tsallake tiren nan. Tarwaɗa mai ce da ita, in man ya ɗiga kan garwashi wuta ta tashi, baƙin hayaƙin nan mai kauri shi ke manne wa kifi, shi ke ɗauke da sinadaran da ake alaƙantawa da ciwon daji, har Tarayyar Turai ta sa iyaka a kansu ga kifin da za'a shigar masu. Murhun Chorkor da aka fito da shi a Ghana a 1969 ya rage cin itace sosai amma bai magance wannan ba, sai da aka zo da samfurin FTT na Thiaroye a Senegal wanda ya sa tiren tare mai tsakanin wuta da kifi. To kai ma ka kwaikwaya. Ka zana tiren ya ɗan karkata gefe guda da ɗan bututu da zai fitar da man waje cikin gwangwani, ka bar tazarar kamar santimita 4 tsakaninshi da bango ta kowane gefe don zafi da hayaƙi su samu hanyar hawa. Raga biyar sun shiga a sama, tsakanin kowace santimita 13 zuwa 15. Iska kuma ƙofa biyu gareta, ramuka a jikin aljihun wuta da ɗan marfi mai zamewa, sai bututun inci 4 a rufi shima da abin rage mashi baki. Da waɗannan biyun kake tuƙa zafin.

Ga inda na ci ƙasa. Na zana akwati 60, na zana raga 60, a allo komai ya yi kyau, ranar haɗawa raga ta ƙi shiga, na manta 60 ɗin ta waje ce, kaurin ƙarfe da angul ɗin da aka yi firam da shi sun cinye nasu. Mai waldar ya kalle ni ya ce "Alhaji kwamfutar taka bata gaya maka ba?" Sai da aka rage raga biyar da giranda ɗaya bayan ɗaya. Wajen zana raga ka rage aƙalla santimita 1 daga ainihin faɗin ciki, ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi. Kuma kafin ka kashe ko sisi, samu kwalin indomi ka yanka ƙaramin samfuri, kowane santimita 5 ya zama 1, ka manna da salatef. Abin da ido bai gani a allo ba hannu zai ji shi a kwali.

In ka gamsu sai ka fitar da kowane bango a shimfiɗe a fayil ɗin DXF, shi injin yanka ke karantawa. Masu yanka adon get da tagogi su ke da irin injin, na plasma ko na leza, in baka samu kusa ba Kano ba nisa. Ka gaya masu da baki cewa a milimita ka yi zanen, ka sa su auna gefe ɗaya a allonsu a gabanka, don inci ɗaya milimita 25.4 ne, in aka samu saɓani abin ba kyau. Bakin plasma yana cin kamar milimita 1 zuwa 2 a kowane yanka, ka bar fili tsakanin guntaye. In kuma kuɗin inji ya yi maka yawa, kai zanen wurin masu buga bana su buga maka shi daidai girmanshi, a manna a ƙarfe, mai walda ya bi layi da giranda. Zanen dai ya riga ya yi aikinshi.

Kwanon rufi da duk ƙarfen da aka yi wa rufin zinki ka nisance su musamman wajen wuta, hayaƙinsu guba ne. Haka fenti a ciki, haka duron da baka san me aka zuba a ciki ba. Wani abokina ya so ya buga mariƙin ƙofa da injin 3D, robar PLA da injin ke aiki da ita kuwa tun wajen digiri 60 take fara laushi, katako ya fi.

Ka bar rami ɗaya a tsakiyar ƙofa na ma'aunin zafi, mai allura irin na obin ya wadatar. Masu son wasa da Arduino, wato 'yar ƙaramar na'urar lantarki da ake tsara wa aiki, su sa wayar auna zafi ta tamokoful nau'in K da MAX6675 mai karanta ta, amma wannan sai akwati ya fara aiki.

Ranar farko ka kunna shi ba komai ciki kamar awa biyu ya ƙone dattin masana'anta, in ya huce ka shafe ciki da man gyaɗa. Kifi a wanke da gishiri ya tsane, a fara da sassauƙan zafi, digiri 40 zuwa 50 na salshiyas, har fatar ta bushe, a ɗaga zuwa 80 ko 90 ya dahu, tsakiyar tsokar ta wuce 63, sannan a sauke wuta a barshi ya yi ta bushewa, iya daɗewarshi iya kwanakin da zai yi bai lalace ba. Gawayin kirya ko marke don zafi, ɗan itacen mangwaro busasshe don ƙamshi. Bedi kam duk da ya cika gari ni bana sawa, ɗaci yake bari. Naman layya kuma a yanka shi sirara a rataye, don haka tun a zane ka huda ramuka biyu-biyu a saman bangon hagu da dama inda rodi zai ratsa.