Yadda Ake Auna Gaskiyar Fim ɗin Yaƙi

Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a Saudiyya a shekarar 2018, matasanmu na Jidda suka samu abin muhawara a majalisa bayan sallar isha'i, kuma babu abin da ke tayar da gardama kamar fim ɗin yaƙi. Na lura yawancinsu da yawan jini suke auna gaskiyar fim, alhali jini shi ne abu mafi arha a wurin mai shirya fim. Hanyar da nake bi daban ce, kuma rabinta na koya ne daga gwaggona, wadda ta baro Omdurman bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a watan Afrilun 2023, ta iso nan ta jirgin ruwa.

Ka fara da kunne kafin ido. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, saboda haka idan bam ya tashi a nisan kilomita ɗaya, sai ka ga wuta da hayaƙi tukuna, ƙarar ta biyo baya da kusan daƙiƙa uku. Fim ɗin da ya kiyaye wannan tazara ya san abin da yake yi. Haka nan bindigar AK-47 harsashi 30 aka saba ɗura mata, kuma idan aka danne kunamarta ba a saki ba, cikin 'yan daƙiƙoƙi za ta ƙare, don haka jarumin da ya yi ta ɓarin wuta bai tsaya ya sake ɗuri ba tatsuniya yake yi maka. Amma abin da ya fi waɗannan muhimmanci gwaggona ce ta nuna mini. Wata rana muna kallo a falo, sai ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Ɗana, waɗannan ba su taɓa kwana cikin yaƙi ba. Ina shirun?" Ta ce abin da ya fi tsinka mata zuciya shi ne tsit ɗin da unguwa ke yi tsakanin luguden wuta da na gaba, yara na ƙarƙashin gado, babu mai iya ko tari. Tun daga ranar nake duba ko fim ya bar wa jira da shiru wuri, ko kuwa ya cika kowane gurbi da kiɗa.

Bayan haka sai ka koma kan mutum. Idan fim ya yi rabin awa, ka dakatar da shi ka tambayi kanka abin da ka sani game da wannan soja ban da muƙaminsa da bindigarsa. A Saving Private Ryan na 1998, mutane sun fi tuna saukar sojojin Amurka a gaɓar tekun Faransa ranar 6 ga Yunin 1944, amma abin da ya riƙe fim ɗin shi ne kyaftin ɗin da hannunsa ke rawa, wanda sai can daga baya ya faɗa wa yaransa cewa shi malamin makaranta ne a garinsu. Fim ɗin Jamus na 2022, All Quiet on the Western Front, ya bi wata hanyar: a farkonsa an cire kakin sojan da ya mutu, aka wanke, aka ɗinke hujin harsashi, aka miƙa wa sabon ɗauka da sunan mamacin a jikin wuyan rigar. A ganina wannan rigar ta fi gawa ɗari bayyana yadda yaƙi ke cin samari.

Mataki na gaba shi ne wanda 'yan majalisa suka fi tsallakewa: ka ƙidaya masu suna a kowane ɓangare. Black Hawk Down na 2001 ya kwaikwayi faɗan Mogadishu na watan Oktoban 1993 da ƙwarewa sosai ta fuskar makamai da ƙara, sai dai sojojin Amurka kowa da sunansa da iyalinsa, su kuwa Somaliyawa, waɗanda suka mutu da ɗaruruwa, yawancinsu taro ne kawai mai gudu da ihu. Fim yana iya yin gaskiya a kan bindiga ya yi ƙarya a kan mutane, kuma mu da muka san cewa mazauna irin waɗannan unguwanni suna da iyaye da sana'a bai kamata wannan ya wuce mu ba.

Idan fim ya burge ka, ka sake kallonsa ba tare da bin fassarar Larabcin da ke ƙasa ba, ka zuba ido a kan fuskoki da hannuwa, sannan ka nemi tarihin yaƙin ka karanta. Idan kuma akwai wanda ya fito daga yaƙi a gidanku, ka nemi izininsa kafin ka kunna, ka rage sauti, ka bar ƙofar falo a buɗe domin ya iya tashi ba tare da ya yi wa kowa bayani ba.