Yadda ake auna ƙungiyar da za ta iya lashe gasa tun kafin a take leda

Da zarar kakar wasan ƙwallon ƙafa ta gabato, hira takan koma kan wa ya sayi wa, kuma nawa aka biya. Mai son hasashen da zai tsaya da ƙafarsa har watan Mayu da wata tambaya yake farawa: maki nawa ake buƙata a ɗauki kofin nan, kuma daga ina wannan ƙungiya za ta samo su? Sabon ɗan wasa, sabon koci, jadawali, duk a ƙarƙashin wannan tambaya suke.

Ɗauki takarda ka rubuta makin da zakara ya samu a kaka biyar ko shida da suka wuce a gasar da kake dubawa. A Firimiyar Ingila ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38, makin da ke ƙasa gaba ɗaya 114. Manchester City ta ɗauka da 93 a 2021/22, da 89 a 2022/23, da 91 a 2023/24, sannan Liverpool ta ɗauka da 84 a 2024/25. Ka ga ke nan layin yana tsakanin 84 da 93. A ce ka tsayar da shi a 87. Ma'anarsa ƙungiya tana da izinin zubar da maki 27 kacal a wata tara. Kowane rashin nasara yana cinye uku, kowane canjaras yana cinye biyu. Nasara 27, canjaras 6, rashin nasara 5, shi ne 87 daidai. A Bundesliga ta Jamus wasa 34 ne, don haka kada ka kwashi lissafin Ingila ka kai can. Raba maki da yawan wasanni, ka yi aiki da abin da ya fito. Mai neman kofi yana buƙatar kusan maki 2.3 a kowane wasa.

Yanzu sai ka rubuta makin bara na kowace ƙungiyar da ake ambata, ka cire daga layin. Wadda ta gama da 74 tana bin bashin 13. Wadda ta gama da 66 tana bin bashin 21, wato sai ta mayar da rashin nasara bakwai sun zama nasara. Idan ba za ka iya nuna wasannin da yatsa ba, ka ce ga inda aka zubar, ga kuma abin da ya canza da zai hana a sake zubarwa, to ƙungiyar ba ta cikin masu takara, komai girman sunanta.

Makin bara yakan yi ƙarya

Teburi yana faɗin abin da ya faru, amma ba ya faɗin yadda aka yi ya faru. Shi ya sa rarar ƙwallaye, wato waɗanda ƙungiya ta ci bayan an cire waɗanda aka zura mata, ta fi maki amfani wajen hango kaka mai zuwa. Ƙungiyar da ta tara maki da yawa da 1-0 da 2-1, ana cin ƙwallon ƙarshe a minti na 88, sa'a ta taimake ta, kuma sa'a ba ta sa hannu a kwantiragin shekara biyu. Newcastle ta gama ta biyar a 2011/12 da maki 65, amma rararta ƙwallo biyar ce kawai. Kakar da ta biyo baya ta gama ta 16. Zakarun Firimiya na shekarun nan rararsu takan kama daga 45 zuwa sama da 60. Wadda ta gama bara da rarar 20, ko da ta uku ta zo, tafiyar da ke gabanta ta fi yadda teburi ya nuna.

Idan kana da hanyar ganin alƙaluman xG, ka haɗa da su. Ma'auni ne da ke ba kowane hari daraja gwargwadon yadda irinsa ya saba shiga raga: fenariti kusan 0.76 zuwa 0.79, bugun nesa daga wajen da'ira sau da yawa ƙasa da 0.05. Ka kwatanta ƙwallayen da aka ci da waɗanda ma'aunin ya ce ya kamata a ci. In ƙungiya ta zarce da goma ko fiye, ka tambayi dalili. Idan tana da gwanin da ya saba zarcewa shekara da shekaru, ka bar mata. Idan kuwa 'yan wasa uku ne ko huɗu suka yi kakar da ba su taɓa yin irinta ba a lokaci guda, ka rage mata maki huɗu zuwa shida a lissafinka. Haka ma a baya: golan da ya yi ta ture ƙwallayen da ya kamata su shiga yana rufe wa 'yan baya asiri, kuma ranar da hannunsa ya yi sanyi asirin zai tonu.

Sai kuma ka raba wasannin bara kashi biyu. A gasar da ke da manya shida, kowace babba tana wasa goma da takwarorinta, sauran 28 da ragowar ƙungiyoyi 14. Waɗannan 28 ɗin maki 84 ne, kusan kofin gaba ɗaya. Magoya baya ba sa manta ranar da aka lallasa abokin hamayya, amma kofi a wasannin da ba a cika hira a kansu ba ake ɗaukarsa. Liverpool a 2008/09 ta doke Manchester United gida da waje, har da 4-1 a Old Trafford, sau biyu kawai aka ci ta a kakar, amma ta yi canjaras 11. United ta sha kashi sau huɗu, ta yi canjaras shida, ta ɗauki kofi da 90, Liverpool na da 86. Don haka ka ƙirga canjaras ɗin gida da ƙananan ƙungiyoyi, ka duba ko an kawo wanda zai iya buɗe ƙungiyar da ta jibge mutum goma a bayan ƙwallo, ko an gyara bugun kwana da bugun tazara, domin a irin waɗannan wasanni nan ne ƙofa take.

Cefanen 'yan wasa: mintuna ake ƙirgawa

Nan ne yawancin masu hasashe ke zamewa. Wasa 38 sau minti 90 shi ne minti 3,420. Ka jera 'yan wasan da suka buga sama da minti 2,500 a bara. Su ne ƙashin bayan ƙungiya, yawanci mutum shida zuwa takwas. Ka sa alama a kan wanda ya tafi, da wanda ya haura shekara 31, da wanda ya dawo daga doguwar jinya. Sannan ka dubi sababbin zuwa, ka yi wa kowanne tambaya ɗaya: mintunan wa zai karɓa, kuma ya fi shi da nawa?

Sayen da ke ƙara maki shi ne wanda ya toshe ɓaraka. Liverpool ta kawo Virgil van Dijk a Janairun 2018, ta kawo Alisson a bazarar shekarar. Ƙwallayen da aka zura mata suka sauka daga 38 zuwa 22, makinta ya tashi daga 75 zuwa 97. Sayen da ke ƙara suna kawai kuma shi ne wanda ya ɗora gwani a inda babu matsala. Manchester United ta gama ta biyu da 74 a 2020/21, ta kawo Jadon Sancho da Raphael Varane da Cristiano Ronaldo, aka yi ta sa ta cikin masu takara. Tsakiyar fili, inda ciwon yake, ba a taɓa ta ba. Ta gama ta shida da 58.

Wanda ya tafi ma haka ake auna shi, da aikin da yake yi, musamman wanda ba ya cin ƙwallo. N'Golo Kante ya bar Leicester ya koma Chelsea a 2016. Leicester ta faɗo daga ta ɗaya zuwa ta 12, Chelsea ta ɗauki kofi. Ba shi kaɗai ne dalili ba, amma duk wanda ya kalli tsakiyar Leicester a kakar ya ga ramin da ya bari.

Abu mafi wuyar hange shi ne rauni, amma ana iya auna illarsa tun kafin ya zo. Ka ɗauki 'yan wasa sha ɗaya na farko, ka rufe sunan mutum guda da yatsa, ka dubi wanda zai maye gurbinsa daga benci. Ka yi haka har sau sha ɗaya. Inda ka ga babu mai shiga sai an janyo ɗan tsakiya zuwa baya ko an ɗauko yaro daga ƙaramar ƙungiya, nan ne igiyar za ta tsinke. Van Dijk ya ji rauni a gwiwa a Oktoban 2020, sauran 'yan bayan suka bi shi ɗakin jinya, Liverpool ta sauko daga 99 zuwa 69. Rodri ya ji irin wannan rauni a Satumban 2024, City da ta ɗauki kofi huɗu a jere ta gama ta uku da 71. Ƙungiyar da ke da irin wannan gurbi guda ɗaya tana cikin haɗari. Mai biyu ko uku, ka rage mata daraja tun yanzu.

A kan koci, kada ka yarda da maganar cewa sabo dole ya ɗauki shekara biyu. Mourinho, Ancelotti, Pellegrini, Conte da Arne Slot duk sun ɗauki Firimiya a kakarsu ta farko. Abin dubawa shi ne ko 'yan wasan da ya tarar sun dace da salonsa. Slot ya gaji ƙungiyar da ta riga ta ginu a Liverpool, bai rushe ta ba. Guardiola a City ya tarar da wadda ke buƙatar sauyi a baya da gola, ya gama na uku a 2016/17 kafin ya tara maki 100 a kakar da ta biyo. Tafiyar kocin da ya ɗauki kofi kuwa babbar alama ce. Napoli ta yi zakara da 90 a 2022/23, Victor Osimhen ya ci ƙwallo 26. Luciano Spalletti ya tafi, Kim Min-jae ya koma Bayern Munich, ta gama ta goma da 53.

Jadawali da gajiya

Tun daga 2024/25 Gasar Zakarun Turai ta koma wasa takwas a matakin farko, har cikin Janairu. Ƙungiyar da ta yi nisa a Turai da kofunan gida tana iya buga wasa 55 zuwa 60, wadda ba ta Turai kuma ta tsaya a arba'in da 'yan kai, tana da mako guda cur na atisaye tsakanin wasanni. Conte ya ci gajiyar wannan sau biyu: Chelsea a 2016/17 da maki 93 bayan ta gama ta goma, da Napoli a 2024/25, ita ma bayan ta gama ta goma. Babbar ƙungiyar da ta faɗi a bara ta rasa gurbin Turai, amma 'yan wasanta na nan, ka ƙara mata maki. Ka kuma duba ko Kofin Nahiyar Afirka ko na Asiya ya faɗo a tsakiyar kaka, ka ƙirga mutum nawa daga cikin sha ɗayan farko za su tafi, da wasannin da za su rasa.

Wasannin sada zumunta na share fage kuwa, sakamakonsu ba ya nufin komai. Abin da za ka ɗauka daga cikinsu shi ne tsarin da koci ke gwadawa da wanda ya warke.

Raba kashi ɗari

Kada ka rubuta sunan ƙungiya ɗaya ka ce ita ce. Ka ba kowace mai takara iyaka ta ƙasa da ta sama, misali 80 zuwa 90, sannan ka raba kashi ɗari a tsakaninsu: 45, 30, 15, ragowar 10 ga sauran duka. Dole jimillar ta tsaya a ɗari, kuma wannan shi ke hana son zuciya, domin duk abin da ka ƙara wa ƙungiyar da kake goyon baya sai ka ƙwace shi daga wata, ka kuma faɗi dalili. Ka tuna maki mai yawa ba ya wadatarwa idan akwai wanda ya fi ka: Liverpool ta samu 97 a 2018/19, sau ɗaya aka ci ta, City ta samu 98.

Wancan kashi goma na ƙarshe kada ka share shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon yakan tsage. A 2015/16 Chelsea mai riƙe da kofi ta gama ta goma, Arsenal da ta zo ta biyu maki 71 kawai ta samu, Leicester ta ɗauka da 81. Lille ta sha gaban PSG da maki ɗaya a 2020/21. Bayer Leverkusen ta katse wa Bayern kofi 11 a jere a 2023/24 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya a gasar ba. Idan ka ga manya biyu ko uku duk suna sauyin koci ko sauyin 'yan wasa a lokaci guda, ka sauke layin zuwa 80 ko 82, ka ƙara kason na waje.

Inda biyu suka yi kusa sosai, ka san dokar raba gardama ta gasar. Ingila da Jamus rarar ƙwallaye suke fara dubawa. Da ita City ta ɗauka a 2011/12, da ita Bayern ta ɗauka a 2022/23. A La Liga kuwa sakamakon haɗuwar ƙungiyoyin biyu ake fara dubawa, shi ya sa Real Madrid ta ɗauka a 2006/07 duk da Barcelona ta fi ta rara.

Ka rubuta ranar da ka yi hasashen. Ka sake duba shi sau biyu: ranar da aka rufe kasuwar 'yan wasa, wadda takan zo bayan an buga wasa biyu ko uku, da kuma bayan wasa goma. A tsakani, abu uku ne kawai suka isa su sa ka gyara lamba: doguwar jinya a gurbin da ba shi da madadi, korar koci, ko cire maki, kamar yadda aka yi wa Everton da Nottingham Forest a 2023/24. Shan kashi sau ɗaya a watan Satumba ba ya cikinsu. Arsenal ta zura wa Chelsea 3-0 a Satumban 2016, Conte ya koma tsarin 'yan baya uku, Chelsea ta ci wasa 13 a jere.