Shawara ga masu sana'ar ajiye shafukan intanet a Bauchi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ya kamata mai ƙaramin kamfanin ajiye shafukan intanet ya fara neman ciniki a makarantu masu zaman kansu, domin su ne ke buƙatar shafin da iyaye za su duba sakamakon 'ya'yansu a ƙarshen zango. Ka je wurin shugaban makaranta da ƙafarka, ka buɗe masa samfurin shafi a wayarsa, ɗauke da sunan makarantarsa da tambarinta, maimakon ka cika shi da bayanin girman ma'ajiya, wanda bai dame shi ba.

Ka yanka farashi da naira, ka haɗa masa da adireshin .com.ng daga dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da adiresoshin .ng, ta amince da su, tunda tashin dala bai cika shafar kuɗin sabunta shi ba kamar na .com. Shaidar tsaron shafi da Let's Encrypt, wata cibiyar ba da irin wannan shaida, ke bayarwa kyauta ce, don haka karɓar kuɗinta bai dace ba.

Ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) masu tsara shafuka ma hanya ce: ka ware musu kaso kan duk wanda suka kawo. Idan kuma shafi ya tsaya, ka ɗaga waya ko da tsakar dare ne, ka yi bayani da Hausa.