Kurakuran da ake yi idan an ce a yi fim ɗin Superman mai haske, da yadda za a gyara su

Shekara da shekaru masoyan Superman suna roƙon abu ɗaya: a dawo musu da jaruminsu mai fara'a, a daina lulluɓe shi da duhu. Ina cikin masu wannan roƙo tun 2013, lokacin da na kalli Man of Steel na Zack Snyder tare da ƙanena. Ana tsakiyar dambe tsakanin Superman da Janar Zod, benaye suna rushewa ɗaya bayan ɗaya a birnin Metropolis, sai yaron ya taɓa ni ya ce, "Yaya, to mutanen da ke ciki fa?" Ban sami abin da zan ce masa ba. Har yau wannan tambayar ce ma'aunina. Sai dai na lura cewa mu masu neman haske, da kamfanonin da suke ƙoƙarin ba mu shi, muna yawan kuskure wajen gane abin da ake nema.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka haske yana nufin barkwanci. Da 'yan kallo suka koka da nauyin Batman v Superman a 2016, sai aka nemi a sassauta Justice League na 2017. Joss Whedon ya karɓi aikin bayan Snyder ya janye, aka sake ɗaukar wasu sassa, aka cusa maganganun ban dariya a cikin labarin da tun asali ba a gina shi don dariya ba. Abin ya fito kamar riga mai faci kala biyu. Kamfanin Marvel ma bai tsira ba: a Thor: Love and Thunder na 2022 akwai mace mai fama da ciwon daji, akwai uban da 'yarsa ta mutu a hannunsa, amma da zarar zuciyar mai kallo ta fara karyewa sai a jefo wani abin dariya a katse shi. Gyaran nan mai sauƙi ne a faɗa. A bar raha ta fito daga halin mutanen da ke cikin labarin, kuma idan an zo wurin kuka a bar mutane su yi kukansu.

Wannan ya kawo ni ga kuskure na biyu, wanda mu 'yan kallo muka fi yi: tunanin cewa fim mai sa rai ba ya ɗauke da baƙin ciki. Ku koma fim ɗin Superman na 1978 na Richard Donner, wanda Christopher Reeve ya fito a ciki, wanda kowa ke kafa misali da shi. Akwai mutuwa a cikinsa tun da wuri. Jonathan Kent, manomin da ya riƙi Clark, wato Superman, tun yana jariri, yana tafiya a gonarsa sai ya dafe hannu ya faɗi, zuciya ta buga. Saurayin da ya fi jirgin ƙasa gudu yana tsaye, ba abin da ƙarfinsa zai iya. Daga nan ya koyi cewa rai ba a hannunsa yake ba, don haka duk wanda zai iya ceta, sai ya ceta.

Yanzu ku gwada wannan da yadda aka kashe mutumin a 2013. Guguwa ta taso a kan hanya, Jonathan ya koma mota don ya fito da karensu, ƙafarsa ta samu rauni. Clark zai iya ɗauko shi cikin ƙiftawar ido. Uban ya ɗaga hannu ya hana shi, don kada mutane su ga sirrinsa, Clark kuma ya tsaya yana kallo har iska ta tafi da shi. Mutuwa ɗaya ce a fina-finai biyu, amma darasin ya sha bamban. Na farko ya koya wa yaro tausayi, na biyu ya koya masa tsoron jama'a. Duk wanda zai rubuta labarin jarumi mai haske, a nan ya kamata ya daɗe yana tunani. Ba a cire rashi daga labarin ba, ana duba abin da rashin ya mayar da jarumin ne.

Akwai kuma kuskuren da kuɗi ya haifa. The Dark Knight, fim ɗin Batman na Christopher Nolan, ya tara fiye da dala biliyan 1 bayan fitarsa a 2008, sai masu zuba jari suka ɗauka duhun ne ya sayar da shi, suka fara shafa wa kowane jarumi baƙin fenti. Batman maraya ne da aka harbe iyayensa a gabansa, dare ne gidansa. Superman kuwa, wanda Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da shi a 1938, a labaransa na farko mai kare raunana ne, kuma daga baya aka kafa cewa ƙarfinsa daga hasken rana yake samuwa. Abin da ya dace da wancan bai dace da wannan ba. Haka aka yi wa Fantastic Four a 2015, labarin iyali masu son bincike da tsokanar juna aka mayar da shi na ƙunci, fim ɗin ya faɗi warwas. Kuma masu kwaikwayon Nolan sun manta da wani abu. A ƙarshen fim ɗinsa akwai jiragen ruwa biyu, ɗaya cike da fursunoni, ɗaya da mutanen gari, kowanne an ba shi abin da zai tarwatsa ɗayan. Wani fursuna ya karɓi na'urar ya wurga ta taga, mutanen gari ma suka kasa dannawa. Fim ɗin da ake kira mai duhu ya yarda da mutane fiye da waɗanda suka kwaikwaye shi.

Batun launi ba zan daɗe a kansa ba. Riga shuɗiya shar da mayafi ja suna da kyau, ni ma ina son su. Amma Batman & Robin na 1997 ya cika da launuka masu ƙyalli, bai hana a yi tir da shi ba. Masu yanke hukunci daga ganin tirela su riƙa jira su ga fim ɗin tukuna.

Babban gyaran yana wurin tambayar ƙanena. A nuna mana mutanen da ake ceta, da fuskokinsu. Misalin da ba na gajiya da shi yana cikin Spider-Man 2 na Sam Raimi, 2004. Jirgin ƙasa ya ƙwace, birki ya lalace, layin dogo ya kusa ƙarewa. Peter Parker, wato Spider-Man, ya tsaya a gaban jirgin, ya harba zarensa jikin gine-gine dama da hagu, ya riƙe har rigarsa ta yage, har jirgin ya tsaya a bakin faɗuwa. Sai ya suma. Kafin ya faɗa, hannuwa suka fito daga cikin tarago suka tare ƙirjinsa. Fasinjoji suka ɗauke shi sama da kawunansu, hannu zuwa hannu, suka kwantar da shi a hankali. Fuskarsa a buɗe take, suka ga ashe yaro ne matashi. Yara biyu suka miƙo masa abin rufe fuskarsa, suka ce ba za su faɗa wa kowa ba. Da bos ɗin fim ɗin, Doctor Octopus, ya dawo, waɗannan mutane da ba su da ƙarfin komai suka tsaya a gabansa suka tare masa hanya. Babu barkwanci a wurin, babu rana mai ƙyalli, amma mutum yana tashi daga kallon da son ya taimaki wani.

Superman na James Gunn, wanda ya fito a watan Yuli na 2025 da David Corenswet a matsayin jarumi, ya gane wannan sosai, ko da yake a ganina ya cunkushe labarin da jarumai da yawa, kuma a wasu wurare rahar ta ɗan wuce gona da iri. Inda ya dace shi ne a faɗan da aka yi da wata ƙatuwar dabba a tsakiyar birni. Hankalin Superman ba ya kan nuna ƙarfi, yana kan abin da zai faɗo wa mutane a ka. Ya kāre wata yarinya da jikinsa, ya kawar da masu wucewa, har wani ɗan kurege ya ɗauke daga inda za a take shi. Wasu sun ce kuregen ya yi yawa. Ni ban ga yawansa ba, domin a fim ɗin 1978 ma sai da Reeve ya sauko daga sama cikin dare ya ɗauko wa wata yarinya kyanwarta daga kan bishiya. Na kira ƙanena, wanda yanzu ya zama magidanci, na ce ya je ya kalla, a wannan karon an tuna da mutanen da ke cikin benayen.